Jirgin sama mai batir da gardamar fadarmu a Tawa

Daren Asabar ɗin da ta wuce muna zaune a fada, an ɗauke wuta tun la'asar, zafi kamar ya gasa mutum, shayi na kan gawayi ana jiran na biyu, sai ƙanena ya miƙo mini waya ya ce "Yaya duba ka ga ikon Allah." Bidiyo ne na wani ɗan jirgin sama mai ƙafafu kamar kwale-kwale biyu, ya taso daga kan ruwa ya yi sama, wai babu ko ɗigon mai a cikinsa, da batir yake tashi. Batirin wayar da muke kallo a kanta kuwa saura kashi 9.

Nan take fada ta rabu biyu. Wani abokinmu makanike da ya fi shekara ashirin hannunsa cikin baƙin mai ya ce wannan tatsuniyar Nasara ce, "ni da nake ganin yadda batirin mota ke mutuwa a watan Afrilu, a ce in hau sama da shi? Allah ya kiyashe ni." Shi kuma ƙanena har ya gama lissafi, wai gwamnati ta sayo guda uku, ɗaya na Tawa da Yamai, ɗaya Agadas, ɗaya Difa, tunda rana muke da ita kyauta a shimfiɗa sola a filin jirgi shi ke nan mun huta da bis da ramukan gudron.

Su biyun duk sun ba ni haushi, kuma ban samu na yi magana ba don a fada mai ƙarfin murya shi ke da gaskiya. To bari in faɗi tawa a nan.

Jirgin nan gaskiya ne, kuma ina kyautata zaton mutanen tsibirai za su zo su riƙa hawansa kamar yadda muke hawan kabu-kabu. Amma rigar an ɗinka ta da awon wanda tafiyarsa ba ta wuce minti ashirin ko talatin, kuma wutarsa tsayayya ce. Mu ba mu da ko ɗaya cikin biyun. Akwai abin da za mu ɗauka daga labarin, amma ƙarami ne, ba shi da kwalliya, ba kuma irin wanda ake yanka kyalle a buɗe ba.

Malam makanike, abin fa ya tashi

Bidiyon da muka kalla daga Kanada yake. A watan Disamban 2019 wani kamfani mai suna Harbour Air da ke jigilar mutane tsakanin birnin Vancouver da tsibiran da ke kusa ya ɗauki wani tsohon jirginsa ƙirar Beaver da ya haura shekara sittin, ya cire masa inji ya sa masa moto na lantarki, ya tashi ya sauka lafiya. Wata shida bayan haka, a Yunin 2020, hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai ta ba wani jirgi mai suna Velis Electro na kamfanin Pipistrel takardar izini, shi ne na farko mai batir zalla da ya same ta. Kujera biyu ce da shi, yana yin kamar minti 50 a sama, ana koyar da tuƙi da shi. A 2025 kuma a Norway an yi ta gwajin wani jirgin ɗaukar kaya na kamfanin Beta tsakanin Stavanger da Bergen.

Saboda haka maganar tatsuniya ta ƙare.

Amma ban ce Malam ba shi da tasa gaskiyar ba, yana da ita, har ma ya fi yadda ya sani. Shekara biyar bayan wancan tashin na Kanada jirgin bai samu izinin ɗaukar fasinja ba. Wani jirgin mai kujera tara da ake kira Alice, wanda aka yi ta yi masa guɗa, ya tashi minti 8 a Satumban 2022 a Amurka, da aka shiga 2025 kamfanin ya sallami mafi yawan ma'aikatansa ya jingine aikin. Kamfanin Lilium na Jamus, shi ma mai ƙera jirgin batir, ya karye a ƙarshen 2024 bayan ya cinye kuɗin masu zuba jari masu ɗimbin yawa. Ko Airbus da girmansa, da ya ce zai fito da jirgi mai amfani da iskar haidurojin a 2035, ya dawo ya ce a ƙara masa lokaci.

Me ke kashe su? Nauyi ne. Kilo ɗaya na man jirgi yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na batir sau arba'in ko fiye. Gaskiya moto na lantarki ba ya ɓarnar ƙarfi kamar inji mai ƙona mai, wanda mafi yawan abin da ya sha zafi ne yake zama ya bi iska, amma ko an cire wannan tazarar na nan da faɗi. Ga kuma wani abu, mai yana ƙonewa jirgi na ƙara sauƙi yana tafiya, batir kuwa cike ko fanko nauyinsa ɗaya, da shi za ka tashi da shi za ka sauka.

Duk wanda ya taɓa jin labarin ayarin gishiri na Bilma ya san wannan lissafin. Raƙumi ba ya samun abin ci a Tenere, dole a ɗaura masa ciyawar da zai ci zuwa da dawowa. In tafiya ta yi tsawo har ciyawa ta cinye wurin kaya, to me za ka ɗauko? Jirgin batir raƙumi ne da ciyawarsa ba ta raguwa. Sannan doka ta ce ko ka iso inda za ka dole ya kasance kana da sauran ƙarfin rabin awa ko fiye a ajiye, ko da filin ya ƙi saukuwa. Jirgin da dukan ƙarfinsa awa ɗaya ce, ka cire rabi, sai ka ga abin da ya rage.

Shi ya sa tsibiri ne gidansa

A arewacin Sikotland akwai wasu tsibirai da ake kira Orkney. Tsakanin biyu daga cikinsu, Westray da Papa Westray, akwai jirgin haya da tafiyarsa ba ta kai kilomita 3 ba, minti biyu ma bai cika yi ba a sama, kamfanin Loganair ke yinta tun 1967 da wani ɗan jirgi mai ɗaukar fasinja takwas. Ka ji kamar wasa, daga nan zuwa kasuwa. Amma tsakani teku ce mai sanyi da igiyar ruwa, kuma malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ɗalibai da shi suke kai da komo. Ga shi kuma tsibiran nan suna samar da wuta daga iska fiye da abin da suke sha. To ka ga an haɗu, tafiya gajera, mutane kaɗan, wuta ta yi yawa har ana neman inda za a kai ta, man jirgi kuwa sai an yi dakonsa ta ruwa da tsada. Daidai ruwa daidai tsaki.

Norway ma haka take, gaɓar teku ce mai lunguna da duwatsu da ƙananan filayen jirgi birjik, kusan kashi tara cikin goma na wutarsu daga madatsun ruwa take, shi ya sa suka iya buɗe baki suka ce suna son zirga-zirgar cikin gida ta koma lantarki kafin 2040. Ko za su cika ko ba za su cika ba, aƙalla da ruwan ciki suke jan na rijiya.

Kuma ba sai Turai ba. Kap Ber da ke nan yammacinmu tsibirai goma ce, tara da mutane a kai, ba ka zuwa daga wannan zuwa wancan sai ta ruwa ko ta sama. Daga Dar es Salam zuwa Zanzibar kamar minti ashirin ne a jirgi. Wanda zai ce ai su hau jirgin ruwa mana, ya tuna da Joola na Senegal da ya kife a Satumban 2002 da mutum sama da 1,800. Ga wanda teku ta raba shi da asibiti, jirgin sama ba alfarma ba ne.

Akwai ma abin da na so makaniken namu ya tsaya ya ji da bai yi ta ɗaga murya ba. Moto na lantarki ba shi da buji, ba shi da karburato, ba a yi masa bidanji, abin da ke juyawa a cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ƙananan jirage masu injin fistan har yau da yawansu mai mai gubar dalma suke sha, irin wanda aka hana motoci tuntuni. Jirgin da ke tashi da sauka sau goma a yini injinsa ne ke cin kuɗi, don haka mai kamfani ba don son duniya ta yi sanyi kaɗai yake bin batir ba, aljihunsa yake dubawa. Ni kuwa na fi yarda da canjin da aljihu ke turawa a kan wanda ake yi don taron ƙasa da ƙasa.

Ƙanena, zo mu auna hanya

Daga Tawa zuwa Yamai ta gudron, ka bi Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kilomita 550 ne ko kusa da haka. Ko tsuntsu da ke miƙewa sak sai ya yi kusan 370. Yamai zuwa Agadas ta sama sun haura 700, Difa kuwa ta wuce 1,100. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000. Tafiyar da muke kira gajera a nan ita ce doguwar da jirgin batir mai fasinja bai iya ba tukuna.

Sai zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, jirgi sai ya ƙara gudu kuma ya rage kaya kafin ya ɗaga. Batir shi ma ba ya shiri da zafi, kowa ya ga yadda waya ke yi in an bar ta a rana. Sanyaya shi kuma wani nauyin ne da wata wutar.

Wutar ma ina take? Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa, kuma duk mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da aka katse ta. An yi ƙoƙari, ban musa ba, ga tashar sola ta Malbaza a nan jiharmu mai megawat 7 tun 2018, ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. Amma har yanzu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida a ƙasar nan. Na'urar cajin irin waɗannan jirage tana jan kilowat 300 ko fiye, in ka raba da abin da fanka ke sha, fanka dubu huɗu ke nan a lokaci guda. Ka je unguwa a watan Mayu ka ce wa mata su kashe fanka Alhaji zai yi cajin jirgi, ka dawo ka ba ni labari.

In kuwa aka ce a tada gurup na gazwal a yi cajin, ko a jawo wutar kwal irin ta Cirozerin, to hayaƙin bai tafi ko'ina ba, an sauko da shi ne daga sama an ajiye mana a ƙasa.

Sannan wa zai hau? A fadarmu mu goma sha ne, wanda ya taɓa shiga jirgi mutum biyu ne, su ma hajji ce ta kai su. Kujera tara a yini ba ita za ta rage cunkoson tasha ba. Abin da mutumin Tawa ke bukata ya isa Yamai ba tare da bayansa ya karye ba sunansa hanya mai kyau.

"To ina ruwanmu, mu muka ɓata sama?"

Wannan wani dattijo ne ya faɗa, yana gefe yana jan casbi, kuma maganarsa ta fi ta sauran nauyi. Baba yana da gaskiya, ba mu muka ɓata ba. Jiragen sama na duniya gaba ɗaya suna fitar da kamar kashi biyu zuwa biyu da rabi cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, rabonmu a ciki kuwa ko a lissafi ba ya fitowa.

Amma Baba, wanda bai ci ba shi ma ana kawo masa takardar biya. Daminar 2024 kowa ya gani, a watan Agusta ruwa ya yanke hanyar da ke fita daga Yamai zuwa Doso, babban birnin ƙasa ya koma tsibiri na ƴan kwanaki, mutane na tsallakawa da kwale-kwale, manyan motoci sun yi layi. Don haka ni ina so masu jiragen nan su ci nasara, ruwana ne.

Sai dai kar a yi mana rufa-rufa. Ƴan jiragen tsibiri ba su ne masu hayaƙin ba. Hukumar Eurocontrol mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a Turai ta taɓa lissafawa cewa a jiragen da ke tashi daga Turai, masu tafiyar da ta wuce kilomita 4,000 kashi 6 ne kacal cikin ɗari, amma su ke fitar da kusan rabin hayaƙin. Waɗannan kuwa batir ba ya ko kusa da su. Abin da ake lallaɓawa da shi yanzu wani mai ne da ake tacewa daga tsohon man girki da makamantansa, Turai ta wajabta a riƙa gauraya kashi 2 cikin ɗari daga 2025, yana da tsada ninkin-ba-ninkin kuma bai da yawa. (A nan dai ba za su samu ba, mai ƙosai ba ta zubar da mai, soya take har ya ƙare.) Tsorona shi ne ranar da za a ce tsohon mai bai isa ba a koma gonaki, a noma abincin jirgi a inda ake noma na mutum.

Ke nan jirgin tsibiri makaranta ce, wurin koyo ne, a ƙaramin wuri inda in an yi kuskure fili na kusa. Yana da amfani a haka. Wanda ya ce maka shi zai gyara damina yana da abin sayarwa.

Tsibiranmu

Ga inda nake son zuwa tun ɗazu. An ce Nijar ba ta da teku, haka ne, amma tana da tsibirai. Ban da na kogi irin su Lete da kotun duniya ta tabbatar mana a 2005, ban da na tafkin Cadi, akwai Bilma da Fashi da Dirku da rairayi ya kewaye. Akwai kuma waɗanda ba a rubuta a taswira ba, ƙauyukan Adar da ke komawa tsibiri duk watan Agusta in ƙorama ta ciko.

Na taɓa tsayawa bakin irin wannan ƙoramar. Wata ƴar'uwarmu ce ta haihu a ƙauye jini ya ƙi tsayawa, aka ɗora ta a amalanken jaki aka taho, aka iske ruwa ya kawo ja wur yana tafe da itace da kara. Muna wannan gaɓa da mota, suna waccan, muna ganin juna muna jin muryar juna, tsohuwar da ta rako ta tana riƙe da kanta tana ta salati, babu mai iya tsallakawa. Sai da aka yi awa huɗu ruwan ya faɗa. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Abin da ake bukata a ranar bai fi leda biyu ta jini da allura ba, duka bai kai kilo biyu ba.

Kilo biyu, kilomita hamsin ko tamanin, cikin gaggawa. Wannan shi ne aikin da batir ya riga ya iya, ba sai an jira 2040 ba. Tun Oktoban 2016 kamfanin Zipline ke kai jini asibitocin karkara a Ruwanda da ƙananan jirage marasa matuƙi masu batir, ma'aikacin lafiya ya aika saƙo ta waya, jirgi ya zo ya sako kwali da ƴar lema ya juya. Ghana ta shiga a 2019, jihar Kaduna a 2022. Jini, allurar rigakafi, maganin saran maciji. Cajinsa sola kaɗan ta isa, ba ya bukatar filin sauka a ƙauye. Zubar jini bayan haihuwa kuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe matanmu, ba sai an kawo takarda ba, kowane gida ya san wata.

Na san abin da za a ce, kuma na yarda matsala ce ta gaske: a halin tsaron da muke ciki, abu na yawo a sama ba matuƙi ba ƙaramar magana ba ce, sojoji na da hakkin su san na wane ne, ina ya fito, ina za shi. To a yi shi a hannun hukuma, da hanyoyi sanannu, a fara da inda ke da kwanciyar hankali. Kuɗi ma magana ce, a Ghana an sha gardama kan abin da ake biyan kamfanin, kuma jirgi ba ya maye gurbin firigo mai aiki da ungozoma mai horo da gada a kan ƙorama. Amma wannan gardama ce da ta cancanci a ɓata dare a kanta, ta fi ta jirage ukun ƙanena.

Abin da nake tsoro shi ne na saba gani. Wani ya dawo daga taro a waje da hoto a waya, a sayo abu ɗaya mai sheƙi, a tara makaɗa, a yi jawabi, shekara uku batir ya mutu babu wanda aka koya wa canza shi, babu kuɗin sabo a kasafi. Ku dubi fitilun sola na bakin hanya a garuruwanmu, nawa ke kamawa yanzu? Sandunan na nan tsaye, allon na sama ƙura ta rufe, awaki na kwana a gindi.

Wuta ta dawo wajen ƙarfe biyun dare, fada ta watse kowa ya ruga neman inda zai soka caja. Muna tafiya gida makaniken ya rage murya, ba irin ta ɗazu ba, ya ce "Tsakani da Allah, da gaske moton nan ba a yi masa bidanji?" Na ce da gaske. Ya yi shiru har muka wuce masallaci, sannan ya ce gobe zai tura ƙaramin yaron garejinsa wajen mai haɗa sola ya riƙa wuni can ranakun da babu aiki.